Kaza Tana Tashi Sama? Fashin Baƙi Kan Koyar da Can, Must da Might Ta Hanyar Dabbobi

Akwai wasu 'yan kalmomi tara a Turanci, gajeru, marasa wuyar rubutu, da suke bin ɗalibi tun daga firamare har ɗakin jarrabawar WAEC suna yi masa ƙafar ungulu: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Littattafan makaranta suna kiransu modal verbs. Da Hausa sai mu ce mataimakan aikatau, domin gaban aikatau suke shiga su nuna ko maganar iyawa ake yi, ko izini, ko tilas, ko shawara, ko kuwa zato.

Yadda aka fi koyar da su sananne ne ga duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin tagar aji a Rigasa ko Kawo, cikin garin Kaduna, da hantsi. Malam ya rubuta ma'anarsu a allo da Turanci mai nauyi, ya jera su tara a ƙasa, aji ya amsa da murya ɗaya har a jiyo a bakin titi, a kwafe a littafi, a buga ƙararrawa. Yaro ya haddace ma'anar tsaf, amma ranar da aka ce ya gina jimla sai ka ji "She can cooks," ko "I must to go," ko kuwa wadda ta game ƙasa, "I can be able to do it."

Yaron nan ya zo da ma'anar daga gida. Tun yana ɗan shekara uku yake jin "kada ka taɓa," "dole ka sha maganin nan," "ya kamata ka je ka gai da Baba," "wataƙila a kawo wuta da dare," "ba ka iya ba, kawo in yi maka." Hani, tilas, shawara, zato da iyawa, duk yana juya su da Hausa ba tare da ya san suna da suna a nahawu ba. Abin da ya rage masa shi ne ya gane wace kalmar Turanci ke ɗaukar wace ma'ana, da yadda take zama cikin jimla. Shi ya sa zuba masa tara a rana guda ba ya haifar da ɗa mai ido. Must kaɗai aiki biyu take yi, tilas da kuma tabbacin zato. Can tana yin uku, iyawa da izini da yiwuwa. In aka haɗa su duka cikin minti arba'in, ko babban mutum kansa zai ɗaure. Darasi ɗaya ya ɗauki ma'ana ɗaya, sauran su jira.

Dokokin siffarsu ba su da yawa. Ba sa ɗaukar s ko da mai aikin he ne ko she, aikatau ɗin da ke biye da su ma ba ya ɗauka. Ba a sa to a tsakani. In tambaya za a yi, su da kansu suke dawowa farkon jimla, in korewa ce kuwa not ake liƙa musu, ba a gayyato do. Masana tarihin Turanci sun nuna cewa yawancinsu asalinsu siffar shuɗaɗɗen lokaci ce da ta dawo tana aiki a lokacin yanzu, shi ya sa ba su gaji s ba. Wannan ilimin malam ne, ba sai an ɗora wa yaro ba, amma yana sa malam ya daina ganin abin a matsayin son zuciyar Bature.

Kuma kowane kuskuren yara yana da tushe, malamin da ya gano tushen ya fi saurin gyara. Wanda ya ce "she can cooks" biyayya ya yi ga dokar da aka yi ta nanata masa a zangon da ya wuce, cewa she da s suke tafiya. Mai "must to" ya ɗauko ta ne daga want to da have to. Ita kuwa "can be able," a ganina, kunnen da ya saba da kalma biyu irin "zai iya" da "tana iya" ne yake jin can ita kaɗai ta yi masa kaɗan, sai ya ƙara mata ƙafa. A ajujuwan Kakuri, Sabon Tasha da Narayi kuma akwai yaran da broka suke yi a layi, sun zo da "I fit do am." Su ma ma'anar tana hannunsu, kalma ce za a musanya musu.

To me ya kawo dabbobi cikin maganar?

Jimlolin da aka saba bayarwa misali, irin "John can play the piano," babu abin da ya haɗa su da yaro. Bai san John ba, bai taɓa ganin fiyano ba, ba zai iya cewa gaskiya ne ko ƙarya ba, don haka babu dalilin da zai sa ya buɗe baki. Dabba kuwa ya san ta. Yaron Tudun Wada da ya tashi kusa da Zango, wanda duk gabatowar Babbar Sallah yake kallon ana sauke raguna daga tirela, yana bambanta Balami da Uda da 'yan ƙasa tun daga nesa. Yarinyar da take ba kaji tsaba kullum da safe ta fi littafin sanin halin kaza. A nan ne ɗalibi yake da abin da zai faɗa wa malam, har ya musa masa. Jihar da take da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a Shika, inda aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, bai dace a ce 'ya'yanta da dabbobin ƙanƙara da ke jikin fastocin ƙasashen waje suke fara koyon Turanci ba. Waɗancan su zo daga baya. A fara da akuya, jaki, zabo, agwagwa, ƙadangare, jemage, kunkuru da kadan da ke Kogin Kaduna.

Ga yadda darasin farko, na can da can't, yake tafiya in an tsara shi. Sunayen dabbobi takwas sun isa, in an matsa goma. Ba a buƙatar wuta ko majigi, bayan kwalin taliya da alli sun wadatar, kuma in malama ba ta iya zane ba, kowane aji akwai gwanin zane da ke zaune a baya yana jiran a neme shi. Ta ɗaga hoton kifi ta ce "A fish can swim," tana nuna iyo da hannu. Ta ɗaga jaki ta ce: "A donkey can carry a load. A donkey can't fly." Ba ta fassara ba, ba ta ba da ma'ana ba, hannu da fuska sun yi bayani. Daga nan sai ta sa doka: in abin da na faɗa gaskiya ne ku miƙe, in ƙarya ne ku zauna. A ajin da ya cika maƙil, inda miƙewa za ta zama turereniya, tafi ɗaya ga gaskiya, naɗe hannu ga ƙarya. Wannan dabara ta amsawa da jiki kafin a amsa da baki, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, James Asher, ya shimfiɗa ta a shekarun 1960. Amfaninta a wurinmu babba ne: yaro mai kunya yana shiga darasi ba tare da tsoron a yi masa dariya ba, malama kuma tana ganin wanda ya gane da wanda yake satar kallon maƙwabcinsa.

Sai ta jefa tambayar da za ta raba kan aji: "A hen can fly." Rabi su miƙe, rabi su zauna, wasu su tsaya a tsakiya, gwiwa a lanƙwashe. Musu ya kaure. Wani daga baya ya yi wuf ya ce, "Malama, wallahi kazarmu tana hawa katanga, har kan rufin ɗaki!" Wata ta ce, "Ai wannan tsalle ne, Malama, ba tashi ba." Malamar da ta san aikinta ba za ta buga tebur ta ce a yi shiru ba. Za ta ce da yaron, to faɗa mana da Turanci. Ya yi ta lalube: "Our hen can fly... small." Ta karɓa, ta gyara a hankali, ta rubuta a allo: "A hen can fly a little, but it can't fly far." Jimlar nan ta fi duk wadda ke littafin tsawo, kuma za ta zauna, domin yaron shi ya nemi ta da kansa don ya kare kazar gidansu.

Irin waɗannan dabbobi masu saɓa zato su ne jarin darasin. Jimina tsuntsuwa ce amma ba ta tashi, gudu kuwa tana kai wajen kilomita 70 a awa. Jemage ba tsuntsu ba ne, shayarwa yake yi, amma yana tashi. Maciji ba ya iya rufe ido don ba shi da fatar ido. Giwa ba ta tsalle. Hawainiya tana sauya launi, kuma kowane idonta yana juyawa nasa ɓangaren. Mujiya tana juya kai har digiri 270. Raƙumi yana kwanaki bai sha ruwa ba, amma tozonsa kitse ne, ba ruwa ba, abin da yara da yawa za su yi ta jayayya a kai. Kowace ɗaya jimla ce ta can ko can't da yaro zai so ya kai gida ya gwada yayansa da ita. Sai dai malam ya tabbatar da abin da zai faɗa kafin ya shiga aji, don ƙaryar da aka koya cikin nishaɗi ta fi wuyar fita.

Bayan haka a juya ragamar. Yara bibbiyu, ɗaya ya riƙe sunan dabba a zuciya, ɗaya ya yi tambaya: "Can it swim? Can it climb a tree?" Amsa gajera, "Yes, it can," "No, it can't." A nan dokar dawo da can farkon jimla take shiga jiki ba tare da an ambace ta ba. Sai a minti biyar na ƙarshe malama ta ja layi ƙarƙashin can swim, can run, can't fly, ta tambaya me suka lura da shi a kalmar da ke bin can. In ɗaya ya ce babu s, dokar ta fito daga bakin ɗalibi.

Must, mustn't da should darasin wata rana ne, kuma a nan dabbobi suna ba da abin da ya wuce nahawu. "You mustn't put your hand in a hole," saboda kunama da maciji. "You should sleep under a net," saboda sauro. "You must wash a dog bite with soap and water," kuma a ƙara musu da Hausa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya minti 15 ta ce a yi ana wankewa, sannan a garzaya asibiti saboda ciwon haukan kare. Bambancin must da should kuwa shi ne bambancin dole da ya kamata. A rubuta ayyukan kiwo a ƙananan takardu, ba akuya ruwa, share garke, ɗaure ta da dare, yi mata wanka, a ce kowane rukuni ya ware wanne ne dole wanne ne ya kamata. Ba za su yi ittifaƙi ba, kuma hakan ake so, domin wanda ya ce must sai ya kawo hujja.

Akwai wani rami a nan da har manya suke faɗawa. Mustn't da don't have to ba abu ɗaya ba ne, ko da yake must da have to sun yi kusa. Malamin da ya nace sai da Turanci zai bayyana wannan zai ɓata rabin darasi. Hausa kuwa ta riga ta raba su: "kada ka ɗaure akuyar" daban, "ba sai ka ɗaure akuyar ba" daban. Na farko hani ne, na biyu sauƙi aka yi maka, in ka so ka yi, in ka so ka bari. Jimla biyu da Hausa, an wuce wurin. Wannan na cikin dalilan da suka sa ban yarda da al'adar cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji ba. An daɗe ana kai ruwa rana a kan harshen koyarwa a firamare, manufa tana sauyawa daga wannan gwamnati zuwa waccan, amma ko me takarda ta ce, malamin Turanci yana da damar ya taka harshen da yaro ya sani na daƙiƙa goma ya koma. Sharaɗin shi ne ya koma ɗin. A ajin da ake da 'ya'yan Gbagyi, Bajju, Atyap, Fulani ko Yarabawa, a tambaye su yadda ake faɗin "kada" da "ba sai" a gidajensu. Ba ya cin lokaci, kuma yana nuna musu cewa ajin nasu ne su ma.

Mafi daɗin darussan shi ne na zato, kuma shi ne mafi wuya, don haka ya fi dacewa da ƙaramar sakandare. Muna da kayan aikinsa tun kaka da kakanni: kacici-kacici. Malam ya ɓoye kati a aljihu ya fara sakin alamu ɗaya bayan ɗaya. "It has four legs." Aji ya ce, "It might be a goat. It might be a dog." Wataƙila ke nan. "It has horns." Sai a ji, "It can't be a dog." Ba zai yiwu ba. "People buy it for Sallah and its horns are curved." Nan take, "It must be a ram!" Lalle rago ne. Yara suna jin yadda tabbaci yake hawa mataki-mataki daga might zuwa must, suna kuma gano da kansu cewa a wannan fage kishiyar must ita ce can't, ba mustn't ba, abin da ake yawan tambaya a jarrabawa ana faɗuwa. Rukunin da ya kasa cinka kuwa ya ba da gari kamar yadda aka saba a dandali: an ba ku Zariya, an ba ku Kafanchan, an ba ku Saminaka. A rubuta garuruwan a gefen allo a matsayin maki. Izini da may bai kai wannan wuya ba. Ɗan wasan kwaikwayo na minti uku ya ishe shi, ɗaya mai doki, ɗaya mai roƙo: "May I touch your horse?" "No, it might kick you."

Sunayen dabbobin su ma suna da nasu tarko. Bahaushe yana cewa rago da tunkiya, bunsuru da akuya, sa da saniya, zakara da kaza, don haka yaro zai tambayi sunan kowanne, kuma ya kamata malam ya zo da ram da ewe, bull da cow, cock da hen a shirye. Jam'in sheep shi ne sheep, babu sheeps. Mu naman sa da naman rago muke cewa, Turanci kuwa beef da mutton yake cewa, kalmomin da ya aro daga Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Wajen furuci, parrot da pigeon suna tona matsalar p da f, vulture da dove suna tona ta v da b. Bambanta ship da sheep bai kamata ya gagari wanda yake bambanta garin da ake zama a ciki da garin tuwo ba, tunda shi ma jan wasali ya saba ji. Harafin l da ke cikin could, should da would ba a furta shi. Can't kuma a ja wasalinta yadda Turancin Ingila yake yi, domin t ɗin ƙarshe yakan ɓace a baki, kuma in ya ɓace, "ba ya iyawa" ta koma "yana iyawa."

Ina da ja a kan wata fahimta da ta yaɗu, musamman a makarantun kuɗi, cewa darasi mai armashi shi ne mai waƙa da tsalle da kukan dabbobi. Waƙa tana da wurinta, tana kama kalma ta ajiye a ka. Amma aji yana iya yin minti arba'in yana kukan jaki da carar zakara, kowa ya fita yana dariya, ba wanda ya gina jimla ɗaya tasa ta kansa. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: yara nawa ne suka faɗi abin da malam bai sa musu a baki ba? In babu, an yi wasa ne kawai. Haka kuma shirun aji ba shaidar koyo ba ne, kuma shugabannin makarantu da masu zagayen duba aiki su daure su bambanta hayaniyar banza da ta yara arba'in da ke tambayar juna "Can it fly?"

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta sanar cewa 21,780 ba su kai kashi 75 da aka gindaya ba, aka sallame su aka ɗauki wasu. An yi ta muhawara a kai, ba ita ce gabanmu ba. Abin lura shi ne jarrabawar takarda tana auna abin da malam ya sani, ba ta auna ko zai iya sa yaro ya yi magana. Wannan sai da gwaji a gaban aji. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take tun kafuwarta a 1976, ga manyan makarantun horar da malamai a Zariya da Gidan Waya. Burina a duk bitar da za a shirya wa malaman Turanci a ware lokacin da kowa zai tashi ya koyar da can na minti goma, 'yan'uwansa su zama ɗalibai, su yi masa musun kaza yadda yara za su yi.

Aikin gida ya zama gajere: a tambayi Kaka ko wani mai kiwo a unguwa game da dabba ɗaya, a rubuto jimla biyar, biyu da can, ɗaya da can't, ɗaya da must, ɗaya da should. Wajen dubawa malam ya sa ido a kan mataimakin da aikatau ɗin da ke binsa kawai, ya ƙyale sauran kurakurai zuwa wani lokaci, don littafin da ya cika da jan biro yana kashe gwiwa. Jimloli uku ko huɗu da suka karkace a rubuta su a allo washegari ba tare da sunan mai su ba, aji ya gyara. Could da would su jira zangon da za a shiga labarin abin da ya wuce, inda tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi za ta ɗauke su cikin sauƙi. Shall kuwa, in yaro ya iya "Shall we start?" ya samu abin da zai buƙata daga gare ta a wannan mataki.